Tambaya da Amsa: Littafin da Na Kasa Ajiyewa, Na Kuma Kasa Yabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, yarana uku, ina ɗinki a Aboabo. Wata ƙawata ce ta sa ni a wani zauren WhatsApp da ake sakin littafin wata marubuciya daga Najeriya. Shafi ashirin na farko kyauta ne, daga nan na tura wa wakiliyarta sidi 20 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka mayar da ni zauren masu biya. A saman kowane shafi an rubuta "na matan aure ne". Labarin wata ce 'yar shekara 20 da aka aura wa wani mai kuɗi, ba ta so, shi ma ba ya so. A daren farko da ƙarfi ya je mata, har sai da aka kira likita. Daga baya ya dawo yana sonta kamar ransa. Anti, cikin kwana huɗu na cinye littafin, har na saɓa alkawarin ɗinkin biki. Wasu wuraren na yi kuka, don Hausar ta yi daɗi. Wasu wuraren kuma an faɗi komai na shimfiɗa ɓaro-ɓaro, jikina ya amsa, ina ajiye wayar sai in ji ƙyamar kaina. Abin da ya fi damuna, har a inda ya yi mata ƙarfi na ji wani abu, alhali raina yana tafasa. Yanzu in na dubi maigidana sai in ga kamar an cuce ni. Lalacewa na yi? Wanka ya hau kaina? In sayi kashi na biyu ko in bari?

Ƙanwarki a Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki lalace ba. Abubuwa ne daban-daban suka cakuɗe miki a wuri ɗaya, kina ɗaukarsu abu guda, shi ya sa suka yi miki nauyi. Mu fara da wanda ba ya jira, wato salla.

Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano har nan Kumasi, ta yi bayanin wannan a babin abin da ke wajabta alwala da wanka. Akwai maziyyi, ruwa ne fari tsinkakke da ke fitowa idan sha'awa ta motsa, ko ta wasa ko ta tunani. Malamin da kansa ya ambaci tunani, kin ga ke nan ba yau abin ya fara ba. Shi maziyyi alwala yake karyawa. Ki wanke wurin, ki wanke inda ya taɓa a tufafi, ki sake alwala, salla ta yi. Wanka yana wajaba ne idan sha'awar ta kai ƙarshenta, aka ji babban daɗin nan da jiki ke saki bayansa, ruwan maniyyi ya fita. Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko mace za ta yi wanka in ta yi mafarki, ya ce e, idan ta ga ruwa. Kafin ta yi tambayar sai da ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Ke ma kada ki ji nauyin wannan tambaya taki.

Sai dai a kula da azumi. A Risala, wanda ya ji daɗi da rana a Ramadan ta hanyar taɓawa ko sumba har maziyyi ya fita, ramuwa ta hau shi. In ya ci gaba da gangan har maniyyi ya fita, sai kaffara. Malaman mazhabar Malikiyya sun haɗa da dogon kallo da dogon tunani da gangan. Saboda haka irin wannan karatu da azumi a baki wasa ne da wuta.

Yanzu batun da ya fi cin ranki, wato abin da kika ji a wurin da ya yi mata ƙarfi. Ki yanka lemon tsami a gaban mai azumi, yawu zai taru a bakinsa ko da ba shi da niyyar sha. Haka jijiyoyin wannan sashe na jiki suke. Da sun sami alamar abin da ya shafi saduwa, ko ta ido ko ta kunne ko ta rubutu, jini yakan ƙaru a wurin, danshi ya biyo baya, ba tare da sun nemi izinin zuciya ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa amsar jiki da yardar zuciya ba kullum suke tafiya tare ba, musamman ga mata. Wannan bayani yana da nauyi ƙwarai, domin akwai matan da aka yi wa fyaɗe suka shekara suna zargin kansu saboda jikinsu ya amsa a lokacin. Amsar jiki ba yarda ba ce. Tafasar da ranki ya yi ita ce hukuncinki a kan wannan shafi, kuma hukuncin daidai ne.

A addini ma an rarrabe. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. An kuma ce wa Sayyidina Ali kada ya bi kallo da kallo, na farko nasa ne, na biyu ba nasa ba. Abin da ya faɗo miki ba shiri kina cikin karatu, kallon farko ne. Komawa baya da yatsa ana neman wannan shafin don a sake karantawa, shi ne na biyu, kuma wannan yana hannunki. Ba zan ɓoye miki ba, rubutun da aka yi shi don tayar da sha'awa kawai batsa ne ko da an sa masa sunan matan aure, kuma malamai ba su halatta a nemi batsa da gangan ba.

Me ya sa kika kasa ajiyewa har ɗinkin mutane ya kwana? Ba raunin imani kaɗai ba ne, sana'ar ce aka gina haka. Littattafan soyayya na Hausa sun bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980. Ƙananan littattafai ne, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, marubuci ya buga da kuɗinsa ya kai wa 'yan kasuwa, kuma mata ne suka fi yawa a masu rubutawa da masu karantawa. Sun taɓo auren dole, kishi, saki, karatun 'ya mace, abubuwan da ba a cika faɗa a zaure ba. Amma a yawancinsu idan ango da amarya suka shiga ɗaki, marubuciya takan ce ita ma ta ja musu ƙofa, asuba ta gari. Littafin bugawa yana bi ta hannu da yawa: mai buga rubutu, maɗaba'a, ɗan kasuwa, kuma sunan marubuciya yana bango, danginta za su gani. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙona tarin littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, lokacin Gwamna Ibrahim Shekarau, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista.

Da waya ta zo, duk waɗannan hannuwa suka faɗi. Yau marubuciya tana rubutu da babban yatsa, da sunan aro, ta saki shafi a WhatsApp ko Wattpad ko Telegram, cikin awa ɗaya an karanta a Zariya da Maraɗi da Aboabo. Kuɗinta yana zuwa ne daga masu tsallakawa daga shafukan kyauta zuwa na biya. To a ina za ta yanke na kyauta? Ki koma ki duba shafi na ashirin na littafinki. Sau da yawa daidai bakin ƙofar ɗakin amarya ake tsayawa. Bayan an biya kuma, dole ta riƙe zauren kullum, don in shafi ya yi sanyi sharhi yakan ragu, wasu su fara ƙorafin an ci kuɗinsu. Tana gani da idonta wane shafi ne ya jawo sharhi ɗari, wane ne ya jawo goma. Ga masu fitar da littafin su raba kyauta duk da Allah-ya-isa da take rubutawa a sama, abin da ke sa ta gaggauta tara kuɗinta tun littafin yana da zafi. Wannan matsin ne ke sa a ƙara yaji a kowane shafi, kowanne kuma ya ƙare a inda rai zai rataya. Shi kuwa "na matan aure ne" ba makulli ba ne, babu mai tambayar shaidar aure kafin ya karɓi MoMo. Aikin talla ya fi yi.

Wannan bai hana a ba marubuciyar haƙƙinta ba. Wadda ta sa mai 'ya'ya uku kuka da Hausa zalla tana da baiwa. Ta san yadda uwar miji ke magana da habaici, ta san shirun da amarya ke yi a gidan da ba ta san kowa ba. Daɗin da kika ji a nan halal ɗinki ne, kada ki haɗa shi da sauran ki zubar.

Ga yadda za ki rarrabe zuma da maɗaci a kowane littafi irin wannan. Ki tsallake shafin shimfiɗa gaba ɗaya, ki ci gaba daga na gabansa. In ba ki rasa komai na labarin ba, kin gane duk abin da ke faruwa, to shafin nan don kasuwa aka sa shi. Marubuci mai gwaninta yana iya nuna miki cewa wani abu ya canja tsakanin miji da mata a daren jiya ta yadda ta miƙa masa shayi da safe, ba sai ya shigar da ke ɗakin ba.

Sannan ki tambayi littafin: wa ya biya kuɗin ƙarfin da aka yi? Na san yadda irin wannan labari ya saba tafiya. Da safe a kira likita, a dafa ruwan zafi a gasa ta, gwaggo ta yi guɗa ta ce ai kowace mace da haka ta fara, uwar miji ta aiko da kaji, shi kuma ya zo da sabuwar waya ko makullin mota. An mayar da ciwonta shaidar tarbiyya, an mayar da ta'asarsa shaidar mazantaka. Ya kira abin da ya yi da sunansa? Ya nemi gafara ba tare da kyauta a hannu ba? An bar ta ta yi fushi fiye da shafi biyu? In amsar a'a ce, littafin yana koya wa mai karatu cewa so yana farawa da rauni, kuma wannan ƙarya ce mai tsada. Allah ya ce a zauna da mata da kyautatawa, a Suratun Nisa'i aya ta 19. A nan Ghana kuma Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2007 ta lissafa tilasta saduwa cikin nau'o'in cin zarafi, kuma akwai sashen 'yan sanda na DOVVSU da ke karɓar irin wannan ƙara.

Gwajin da ya fi kowanne tona asiri shi ne ki cire masa kuɗin. Ki ɗauki mutumin nan, ki raba shi da gidan bene da jirgin Dubai da turare, ki sa shi a ɗaki ɗaya na haya a Asawase yana tura amalanke a Kejetia, ya yi wa 'yar maƙwabciyarki daidai abin da ya yi a daren nan. Me za ki kira shi? Sunan da ya zo bakinki shi ne sunansa tun farko.

Mu zo kan maigida, don nan ne littafin zai iya yi miki ɓarna ta gaske. Jikin da ake siffantawa a waɗannan shafuka babu shi a duniya. Daren farko ba ya buƙatar likita. Tantanin budurci ɗan zobe ne na fata mai laushi, mai ƙofa a tsakiya, ta nan jinin al'ada ke fita tun kafin aure. Mata da yawa ba sa zubar da jini ko kaɗan a karon farko, kuma wannan ba ya nuna komai game da tarbiyyarsu. Yagewar da ke kai wa ga ɗinki daga gaggawa take zuwa, da tsoro mai ɗaure tsoka, da bushewa. Batun kwana ana abu ɗaya har kiran assalatu kuma, a 2005 an yi bincike da ma'aurata 500 a ƙasashe biyar, Holan da Birtaniya da Sifen da Turkiyya da Amurka, aka ba su agogo su auna. Rabinsu ba su kai minti biyar da rabi ba daga farawa zuwa fitar maniyyi. Bayan haka jikin namiji yana neman hutu, hutun kuma yana ƙara tsawo da shekaru. Mata da yawa ba sa kai wa ƙarshen biyan buƙata ta saduwar kaɗai sai an haɗa da wasa mai tsawo, wannan halitta ce, ba naƙasa ba.

Akwai kuma abin da wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana a shekarar 2000: ga mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a aure, sha'awa ba ta faɗowa haka kawai kamar yunwa. Takan zo ne bayan an fara, idan akwai natsuwa da kusanci da jin an damu da ke. Macen da ta wuni a kan keken ɗinki, ta yi tuwo, ta yi wa yara wanka, ba abin mamaki ba ne ta kwanta ba ta jin komai. Mai shayarwa kuma sinadarin da ke kawo danshi yakan ragu a jikinta, sai bushewa da zafi. Maganin wannan man shafawa ne mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kantin magani don wannan aiki, ba man gashi ko basilin ba, domin mai maiƙo yana lalata kwaroron roba.

A nan zan ja kunnenki sosai. Yawancin waɗannan littattafai suna ɗauke da tallar kayan mata a tsakiyar shafi, wani lokacin ma jarumar ce ake nuna an haɗa mata. Na sha, irin su dabino da madara da gumba, abinci ne. Na matsi shi ne matsalar. Gaban mace yana da ɗan tsami na halitta, ma'auninsa tsakanin 3.8 da 4.5, da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi. Cusa alimun ko garin bagaruwa ko kanumfari ko turare yana busar da fatar, ya kashe masu tsaron, ya bar ƙananan tsagewa da ido ba ya gani. Abin da ake ji kamar matsewa kumburi ne da bushewa. Ƙarshensa ƙaiƙayi, ruwa mai ƙarni, zafi lokacin saduwa, da sauƙin kamuwa da cututtukan sanyi har da ƙanjamau. Na maza kuma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista da ake cewa na gargajiya ne alhali an zuba musu sinadarin sildenafil a ɓoye. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiya, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Duk kwalbar da ba ta da lambar rajistar FDA, a bar ta. In akwai zafi ko ƙaiƙayi da ya wuce kwana biyu-uku, ga asibitin Manhyia kusa da ku, ga Komfo Anokye, a ga ungozoma ko likitan mata.

To me ya sa kike ganin an cuce ki? Ki tuna wuraren da kika yi kuka. Ina kyautata zaton ba shafukan shimfiɗa ba ne. Wataƙila inda ya zauna a bakin gado ya tambaye ta me take so, ko inda ya tare mata faɗa a gaban danginsa, ko inda ya lura ba ta ci abinci ba. In haka ne, abin da kike ƙishirwa kulawa ce, ita kuwa ba sai da gidan bene ba, kuma ana iya neman ta. Yawancin 'yan matanmu na zango abin da ake faɗa musu a ranar lalle, daga alwanka har gwaggwanni, bai wuce yi haƙuri, yi biyayya, riƙe sirri ba. Angon ma babu wanda ya zaunar da shi. Wannan ramin ne littafin ya tarar ya cika da abin da ya ga dama.

Ki zaɓi lokacin da ba a shimfiɗa ba, ba bayan faɗa ba, ba yana shigowa a gajiye ba. Kada ki ambaci littafin, don namiji ba ya son a auna shi da wani, ko da na takarda ne. Abu ɗaya za ki nema a zama ɗaya. Ki fara da abin da yake yi da kike so, "ranar nan da ka zauna muka yi hira bayan isha na ji daɗi", maimakon jero abin da ba ya yi. Ku kuma duba ɗakin. A gidan haya mai ɗaki da falo, da yara uku a ƙasan gado da maƙwabta a bayan bango, babu macen da za ta saki jiki. A mayar da shimfiɗar yara falo, a sa wa ƙofa sakata ta ciki, a koya musu sallama a lokuta ukun da Suratun Nur aya ta 58 ta ambata: kafin asuba, lokacin hutun rana, da bayan isha. Abin da ya gudana tsakaninku kuma kada ya je zauren WhatsApp da sunan sharhi, domin hadisin Muslim ya sa mai yaɗa sirrin shimfiɗa cikin mafi sharrin mutane.

Kashi na biyu, shawarata kada ki saya. Kin riga kin ga inda alƙalamin ya dosa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Akwai marubuta da yawa masu daɗin Hausa da har yanzu suke jan ƙofa. Nan gaba kada ki yi cinikin biri a sama. Ki tambayi wadda ta karanta har ƙarshe kafin ki tura kuɗi. In kina iyawa, ki rubuta wa marubuciyar cikin ladabi, ki yaba abin da ya sa ki kuka, ki faɗa mata abin da ya hana ki sayen na biyu. Suna karanta sharhi kullum, kuma da shi suke auna abin da za su rubuta gobe.

Tambaya: Hajiya, iyalina ba ta iya karanta Hausar boko sosai ba, sai ta kunna littafi a YouTube tana aiki. Rannan na shigo na ji wani wuri da ya sa na kasa haɗa ido da ita. In karɓe wayar?

Wani magidanci, Sawaba

Amsa: Malam, kada ka karɓe. Za ta ji ka mayar da ita yarinya, kuma wayar maƙwabciya tana nan. Ba ita kaɗai ke saurare ba; Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Ghana, shi ya sa mutanen zango da yawa suka fi jin daɗin littafin da ake karanta musu. Illar na sauraro ita ce ba a ganin abin da ke tafe balle a tsallake, kuma sauti yana cika tsakar gida, yara suna ji. Ka fara da wannan, don hujja ce da ba za ta ji an zarge ta ba. Ka tambaye ta labarin me ake yi, ka saurari amsar har ƙarshe. Ku yarda cewa in mai karatu ya shiga irin wannan wuri za a tura gaba, in kuma littafin duk haka yake a canja wani. Ka kuma duba taka wayar da irin ma'aunin da ka auna tata, domin umarnin runtse ido a Suratun Nur da maza aka fara, a aya ta 30, kafin mata a ta 31.

Tambaya: Anti, 'yata tana sakandare ta kwana. Da hutu takan ari wayata. Na tarar ta shiga wani zaure da ake sakin irin littattafan nan, har wani yana turo mata saƙo ta gefe. Ban gaya wa babanta ba tukuna.

Uwa mai damuwa, Tafo Zongo

Amsa: 'Yar'uwa, mai turo saƙon ya fi littafin haɗari, da shi za ki fara. A zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, kuma akwai mazan da ke shiga da sunan mace da hoton fure don su tsinci lambobi. Sukan fara da hirar littafi, su koma yabo, su nemi hoto, daga nan sai barazana. Kada ki goge saƙonnin. Ki ɗauki hoton allon wayar yadda lambar da ranar za su fito, sannan ki toshe shi. In ya nemi hoto ko ya yi barazana, Dokar Tsaron Intanet ta 2020 ta haramta yaudarar yara ta intanet da neman hotunan tsiraicinsu, ana kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta lamba 292, ko a je ofishin DOVVSU.

Sai gyaran waya. Ki fita daga zauren; yanzu masu kula da shi kaɗai ake sanarwa. Ki shiga saitin sirri na WhatsApp ki mayar da izinin sa ki a zaure ga waɗanda lambarsu ke wayarki kawai. Ki kashe saukar da fayil kai tsaye, ki kuma duba ma'ajiyar takardun wayar, don littafin yakan zauna a can ko bayan an bar zauren. In za ki saya mata tata wayar, manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar amincewa da abin da za ta sauke da ƙayyade awannin amfani.

Ita kuma yarinyar, kada a tara mata 'yan gida, kada a doke ta. In ta ji kunya ta yi yawa, ranar da wani ya tsorata ta da hoto ba za ta zo gare ki ba. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ce kin gani, ki tambaye ta wa ya sa ta a ciki da me ta fahimta. Ki gaya mata da bakinki abin da ke gaskiya game da jikinta da al'ada da tsarki, ki faɗa mata cewa duk namijin da ya yi ƙarfi ko ya nemi hoto ba sonta yake ba. Ki samo mata wani littafin da kika riga kika karanta, don mai son karatu in aka raba ta da wannan ba a ba ta wani ba, za ta nemo da kanta. Babanta kuma ki sanar da shi bayan kun yi wannan zaman, ki fara masa da batun mai turo saƙon, ki nuna masa hotunan da kika ajiye.